Tafasasshen Ruwa

Tun ranar da 'yarta ta koma aiki a kamfanin ɗinki, renon jaririn ya dawo hannun Kaka. Watansa uku. Angona take kiransa, tana yi masa tsiya wai miji ne da bai iya komai ba sai kuka.

Kullum da safe uwar takan ajiye gwangwanin madara a kan tebur ta nanata: "Inna, cokali huɗu, ruwa zuwa wannan layin. Kar a ƙara, kar a rage."

"To, likita," in ji Kaka. "Ke da wane layi aka rene ki?"

A makon nan zafi ya tsananta, fanka ma iska mai ɗumi take kaɗowa. Kaka ta ga leɓen yaron ya bushe. Shekara talatin da suka wuce gudawa ta ɗauke mata ɗan fari, kuma har yau ba ta manta tsawar da ma'aikaciyar asibiti ta daka mata ba: "Da kin yi ta ba shi ruwa da bai mutu ba!" Don haka ta rage madarar zuwa cokali biyu, ta cika kwalbar da ruwa, tsakani kuma ta riƙa ɗura masa ruwa zalla. Ba ta yi sakaci ba. Sai ta tafasa shi, ta tace, ta rufe ya huce.

A rana ta huɗu, da hantsi, yaron ya ƙi farkawa. Jikinsa ya yi sanyi, fuskarsa ta kumbura. Tana jijjiga shi sai idanunsa suka juye, hannu da ƙafa suka hau karkarwa. Ta fita a guje ko takalmi babu, maƙwabcinsu direba ya kai su asibiti.

Uwar ta iso da zare maƙale a rigarta. Suna tsaye a baranda likita ta fito, ta dubi Kaka.

"Mama, me yake sha a gida?"

Kaka ta zayyana mata komai, har da tacewar. "Ruwan mai tsabta ne, wallahi. Da hannuna na dafa."

"Ba datti ba ne, Mama. Jinin mutum akwai gishiri a ciki daidai gwargwado. Ƙodar jariri ba ta yi ƙwarin fitar da ruwa mai yawa ba, sai ruwan ya sirka jinin, gishirin ya yi ƙasa. Shi kuwa ruwa, inda gishiri ya fi yawa can yake bi. Shi ne ya shige ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa suka kumbura, ga ƙoƙon kai ba ya buɗewa."

Kaka ta dafa bango. "Wancan an ce ban ba shi ba. Wannan kuma na ba shi."

Da likitar ta ji labarin ɗan farin, sai ta sassauta murya. "Ruwan gishiri da sukari ma'aikaciyar take nufi."

"Ba wanda ya ce mini gishiri."

Yaron ya rayu. Kwanansa tara aka sallame su, amma ba ya bin hannu da ido, kuma in an tafa a kunnensa ba ya juyowa. Likita ta ce a dawo da shi duk wata, lokaci ne zai nuna.

'Yar ba ta yi wa uwarta faɗa ba, ko sau ɗaya. Kaka ta so a ce ta yi. Tana gaishe ta, tana kai mata abinci har ɗaki, sai dai gwangwanin madara da kwalaben duk sun koma ɗakin 'yar.

Ranar da hutun da 'yar ta ɗauka a wurin aiki ya ƙare, ta fito da yaron a kafaɗa da jakarsa a hannu. Kaka ta gyara zama a tabarma, ta shimfiɗa zani a cinya. 'Yar ta tsaya jim a bakin ƙofa, sannan ta wuce ta ƙwanƙwasa gidan direba.

Kaka na jin matar direban tana tambaya, "A'a, Inna ba ta nan ne?"

"Tana nan," in ji 'yar.