Man Goshin Inna Barakatu

Kubura ta daɗe da sanin cewa mijinta, Alhaji Lawal dillalin shanu, zaki ne a kasuwar shanu, amma bakin mutane na sa shi kyarma. Sai da ciwon uwarsa ya tsananta ta ga iyakar abin.

Inna Barakatu 'yar Katolika ce daga wani ƙauye wajen Malumfashi. Ɗanta ya musulunta tun yana saurayi, ya zo Daura ya yi arziki, ita kuwa ta riƙe addininta. Da shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita, ya ɗauko ta ya ajiye a ɗakin ƙurya. Tun da aka ƙaddamar da shari'a ya saki gemu, ya ɗage wando, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya ce tsohuwa tana barci.

Ranar da ta daina karɓar ko kunu, ta roƙi a kira mata Fada ya shafa mata mai, yadda ake yi wa marasa lafiya a cocinsu. Alhaji ya shiga kawo uzuri. Wai da wane ido zai tsaya a sahun gaba in aka ga gicciye a zaurensa? Can ya kawo dabara: Fada ya sa kaftani da hula, ya biyo ta ƙofar garke, in an tambaya a ce malamin dabbobi ne.

"Alhaji, mahaifiyarka ce a kwance, ba saniya ba," in ji Kubura.

Nan take ya tuna yana da ciniki a Zango, ya ja mota.

Kubura ta zura hijabi, ta je cocin Katolika na garin da ƙafarta. Fada ya zo da rana tsaka cikin farar rigarsa, ya yi sallama a zaure. Malam Sharfaddeen, limamin unguwa, yana zaune gindin darbejiya. Ya nuna masa inuwar da zai kafe babur, ya tambayi jikin tsohuwa. Ashe kaf unguwar babu wanda bai san addininta ba.

Kubura ce ta tallafi Inna. Fada ya yi addu'a da Hausa, ya dangwali man zaitun ya shafa mata a goshi da tafin hannuwa. Tsohuwar ta sauke ajiyar zuciya, ta nemi ruwa.

Alhaji ya dawo bayan la'asar yana raɓe-raɓe. Bai tambayi jikin uwarsa ba, sai ya tambayi wa da wa suka gani. Kubura ta ce har kajin maƙwabta sun gani.

Ran Juma'a Inna ta cika. Maƙwabta suka cika mota, suka raka gawar ƙauyensu. A bakin kabari kukan Alhaji ya danne na kowa, har mutane na rirriƙe shi suna cewa Allah sarki, ɗa na gari. Kubura ta ja hijabi ta rufe bakinta kada baƙar magana ta suɓuce mata, ta koma cikin mata ta zauna.