Layyar da Aka Hana Barmo Nama

Manjon likitar Tanut, wato babban malamin asibitin garinmu, mutum ne mai gajeren bayani. Ya ɗaura wa maigidana robar awo a dantse, ya hura, ya dubi allurar, ya sake hurawa, sannan ya juyo gare ni kamar ni ce na yanke jiki na faɗi a bakin mangaza, ɗakin ajiyar hatsinsa. Ya ce tansiyo ce, jini ya hau inda bai kamata ba. Daga yau ba gishiri, ba kitse, ba man shanu, ba kanwa, shayi kuma in ya zama dole to a sha shi ba sukari. Ya ce wannan karon baki ne kawai ya ɗan karkace ya dawo, amma karo na biyu ba lalle ba ne ya shigo likita da ƙafarsa.

Saura kwana goma sha ɗaya Sallar Layya ke nan, a shekara ta saba'in da biyar, kuma ta faɗo tsakiyar sanyi.

Sunan maigidan nawa Barmo, ko da yake ni Kaltuma ban taɓa kiransa da shi ba, Malam nake cewa. Hatsi yake saye ya sayar, ayarin Bilma kuma a ƙofar gidansa yake sauke kantun gishiri. To shi aka hana gishiri. Da ba mijina ba ne da na yi dariya.

Tun a hanyar gida ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Ya ce ɗan kasuwa in aka ji ba shi da lafiya, masu kawo hatsi sai su wuce ƙofar wani, dangi kuma su fara auna mangaza da ido. Na rantse, don na ga jijiyar goshinsa ta tashi, ni kuma yanzu tsoron jijiyar nan nake ji fiye da tsoron kunama.

A cikin gida ban sha wuya sosai ba, tunda tukunya a hannuna take. Tuwon hatsi da miyar kuka salam, kwaɗon zogale da ɗan ƙuli kaɗan, fura da nono ba sukari, kunu da safe saboda sanyi. Yana ci yana mita, wai ko rakumin ayari ana ba shi kanwa ya lasa. Na bar shi ya yi mitarsa, ai mai mita da ransa yake.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne washegarin Sallah. A garinmu ranar Layya ana kafe raguna a jikin itace kewaye da wuta su wuni suna gasuwa, kayan ciki kawai ake ci. Sai washegari ake yanka, a soya da kitsen, a barbaɗa gishiri da yaji. A ranar ce Malam ke zaga gida bakwai yana gaisuwa, kamar yadda ubansa ya yi. Ko'ina ya shiga sai an ajiye masa akushin soye da shayi mai kauri kamar zuma, kuma shekara ashirin da shida da aurenmu ban taɓa jin ya ce wa akushi a'a ba. Sanyi ma ƙara masa ci yake yi. Na ce ya bar zagayen bana, ya dube ni kamar na ce ya bar salla. Na ce to ya je, amma kada ya ci. Ya ce mutum ya shiga gidan mutane ran Sallah ya ture abinci, ai gara ya aika musu da zagi.

Kwana uku ina kai-komo tsakanin madafa da zaure, in ɗauki abu in manta dalilin ɗaukarsa. Na zuba tsaki a randar ruwa, na bai wa kaji ruwan wanki. Ran jajibirin Sallah, da Malam ya fita kasuwa, na yafa zane na fita. Tunda ba zan iya riƙe hannunsa ba, sai in riƙe hannun masu ba shi.

Na fara da gidan Audi mahauci. Matarsa Fatu tana dakan yaji. Na zauna, muka gaisa, muka yi maganar sanyi da tsadar rago, sannan na ce ina roƙon alfarma: in Malam ya zo jibi, kada a ba shi nama, kada a ba shi shayi, ruwa ya isa. A hanya na shirya ƙarya har kala uku, ko in ce haƙori, ko in ce azumin alwashi, ko in ce wani malami ne ya ba shi magani mai sharaɗi. Fatu ta tsayar da taɓarya, ta dube ni, ta ce to. Ta ci gaba da daka.

Gidan Attahir maɗinki ma haka. Shi da kansa ya fito, ya ji, ya ce ba komai, an gama. Gidan liman na biyu, gidan Ila mai rakuma, gidan ƙanen Malam ma, kowa to. Tsohuwa Dodo, wadda ke sayar da daddawa a bayan masallaci, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, “Sauƙi ya zo.” Ina fita ina gode wa Allah da ya haɗa mu da maƙwabta marasa bin diddigi. Ƙaryata uku na nan a bakina ban kashe ko ɗaya ba. Wauta ta yi mini yawa a ranar nan, har murna nake yi.

Gida na bakwai ba gida ba ne, bukkar tabarmi ce a bayan gari, wajen rijiyar dabbobi. Ta Rissa ce, makiyayi daga kwarin Tarka. Shekara da shekaru Malam ne mai masaukinsa. Yakan zo da cuku da man shanu da rago, ya koma da hatsi, ya kwana a zaurenmu kamar ɗan gida.

Dole in faɗi abin da ba na son faɗa. Shekara biyu kafin wannan Layyar, fari ya ci ƙasarmu ta Damargu. Mutanen arewa suka gangaro Tanut ba dabba ba guzuri, na ƙauyuka ma suka shigo, har daga Falanko. Mangazar Malam cike take da hatsi, a kulle, yana jiran ya ƙara tsada. Duk wanda ya zo sai ya ce babu. Jikar Dodo a shekarar ta rasu. Rissa ma ya zo, ya tsaya a zaure, ina jinsu daga ciki, Malam ya ce masa babu ko tiya ɗaya. Rissa ya yi kudu da iyalinsa, ya dawo bayan damina ba matarsa Tata, sai akuya biyar. Ni na san inda makullin yake. Na yi shiru, na tuƙa tuwo, na ci. Bayan an yi ruwa kowa ya koma gaisawa da kowa, ba wanda ya sake tada zancen, mu kuma muka ɗauka ya wuce.

Na tarar da Rissa yana gyaran igiya. Ya shimfiɗa mini buzu, na faɗi abin da na faɗa a gida shida. Ya ajiye igiyar, ya gyara rawaninsa, ya daɗe yana kallona.

Ya ce, “Me ya same shi?”

Na ɗauko ƙaryar haƙori, ta ƙi fita. Na ce ba komai, alfarma ce kawai.

Ya ce, “Matar abokina, mu ba mu hana baƙo sukari haka nan. Ko mun tsane shi sai mun sa mishi. In kina so in yi abin kunya, gaya mini dalili.”

Nan na karya rantsuwata. Na faɗa masa komai, har karkacewar baki, ina kuka kamar yarinya. Ya miƙa hannu ya ɗauko kan sukari, dunƙulen da ya tanada don Sallah, ya naɗe shi a tsumma, ya tura can ƙasan jakar fata.

Ranar Sallah ta wuce lafiya. Ragonmu ya wuni a bakin wuta, ƙanshi ya cika unguwa, na gasa wa Malam tsoka ƴar ƙarama ba gishiri ba kitse, ya ci yana harara ta. Washegari da hantsi ya sa farar riga da alkyabbar sanyi ya fita.

Ban zauna ba tun fitarsa. Na share tsakar gida sau biyu. Na ɗora soyen da za a raba wa maƙwabta, na bar kasko ɗaya ya ƙone. Kowane motsi a zaure sai in ce ga shi an ɗauko shi a tabarma, wata ta manta ta ba shi. Na leƙa waje ya fi sau goma. Ina lissafin inda ya kai: yanzu yana gidan Audi, yanzu ya wuce masallaci, yanzu Dodo.

Yakan dawo dab da magariba, ciki a gaba, yana gyatsa yana ba da labarin wanda soyensa ya fi na wani. Ranar nan ana kiran azahar ya shigo. Da ƙafarsa ya shigo, bakinsa daidai, na ce alhamdu lillahi a zuci. Amma bai cire alkyabba ba. Ya zauna a bakin ɗaki, cikin rana, ya sa hannu biyu tsakanin gwiwoyi kamar wanda aka kora daga makaranta.

Da kansa ya fara magana, ba ni yake kallo ba. Ya ce gidan Audi akushi na gaban kowa, shi aka kawo masa ruwa a moɗa. Ya ɗauka mantuwa ce. Gidan Attahir ana zuba shayi, da aka zo kansa aka tsallake. Gidan ƙanensa ma, uwa ɗaya uba ɗaya, haka. Dodo ta bar shi a tsaye tana rarraba nama ga yaran unguwa. Ya ce a wajen Rissa ne kawai aka dafa masa shayi, shi ma ba sukari, tsura, Rissa ya sha kofi uku tare da shi, da ɗacin da komai, ya kuma sa aka kawo masa nonon akuya mai ɗumi.

Ya ce, “Ashe ba su manta ba, Kaltuma. Shekara biyu suna gaishe ni. Sun jira ran Sallah.”

Tausayinsa ya kama ni. Na durƙusa na ce ba haka ba ne, ni ce. Ni na bi gida bakwai na roƙe su, don kada ya ci abin da zai kashe shi. Na jira faɗa, har na ji ina son ya yi faɗan, don in ga mijina ya dawo yadda na san shi.

Bai yi ba. Ya ɗago a hankali, fuskarsa ta ɗan saki.

Ya ce, “To kin gaya musu ciwon ke nan.”

“Gida shidan ban gaya musu ba, Malam. Ka sa na rantse.”

“Me kika ce musu dalili?”

“Ban ce komai ba.”

Ina ganin abin yana shigarsa, kuma a daidai lokacin ne ya shige ni ni ma, kwana biyu bayan ya kamata.

Ya ce, “Kin ce a hana ni nama ran Sallah. Wa ya tambaye ki don me?”

Na so in yi ƙarya. Ina da guda uku da ban taɓa ba. Amma na riga na karya rantsuwa ɗaya a makon nan, ban iya ƙara wani zunubin ba. Na ce Rissa. Ya jira in ƙara suna, ban ƙara ba.

Ya daɗe a zaune har inuwar katanga ta cim masa. Sannan ya ce in kawo masa abincinsa. Na kawo tuwon da miyar nan salam, ya cinye tas, bai yi mita ba, kuma bai sake yin mitar abinci ba har ƙarshen ransa. Da ya wanke hannu ya shiga ɗaki ya ɗauko makullin mangaza, ya sa aka ɗora wa jaki buhu biyu da cinyar rago, ya ja shi da kansa zuwa bayan gari. Ban san abin da suka ce wa juna ba. Jakin ya dawo da buhunan a kansa, cinyar kawai Rissa ya karɓa.

Bayan wata ɗaya muka koma likita. Manjo ya hura robarsa, ya dubi allura, ya ce madalla, jini ya sauka, Sallah ta wuce ba ta taɓa shi ba. Ya ce da matan garin nan duka irina ne da aikinsa ya yi sauƙi. Na ce na gode.

Malam ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, ba gishiri, ba kitse, ya ga aurar da ƴaƴanmu duka, ya ga wani farin ma, wanda a cikinsa ƙofar mangaza ba ta kwana a kulle ba. Layya ta yi ta matsowa baya, ta bar sanyi ta shiga kaka, har ta kai damina. Kowace shekara washegarin Sallah yakan sa farar rigarsa da hantsi ya fita. Ba na bin gidan kowa, ba na leƙe, don na san inda za shi. Yakan bi ta bayan gari don kada ya wuce ƙofa shidan nan, ya je ya sha shayi mai ɗaci a bukkar Rissa, ya dawo kafin azahar.