Sunan Shamuwa a Bakin Babana

Shekara arba'in babana Roelof ya yi yana koyarwa a makarantar ƙauyenmu kusa da garin Meppel a ƙasar Holan, kuma babu yaron da ya bar ajinsa bai haddace darasin shamuwa ba. Sunanta da Holanci, ooievaar, in ji shi, tsofaffin kalmomi biyu ne aka ɗinke: "arziki" da "ɗaukowa". Mai kawo arziki ke nan.

Ni na ɓata masa. Na je jami'a na karanci tarihin kalmomi, na dawo kaina ya kumbura. Ranar walimar ajiye aikinsa, a gaban tsofaffin ɗalibansa, na miƙe na ce masana da yawa yanzu sun fi yarda cewa tushen biyu "fadama" ne da "tafiya". Mai yawo a fadama ce kawai. Aka yi dariya. Baba ya ajiye kofinsa. Shekara goma sha ɗaya muka yi muna gaisawa kamar maƙwabta, girman kai ya hana ni ba shi haƙuri.

Yanzu mantuwa ta ci ƙarfinsa, yana gidan kula da tsofaffi. Ranar Lahadi na je da niyyar neman gafara, ina tsoron kada a ce na makara. Na tarar da shi a bakin taga yana kallon shamuwa biyu a kan sheƙarsu.

"Baiwar Allah, zauna mana," ya ce. "Kofin da ake dafawa a gidan nan kamar ruwan wanke-wanke yake, amma ki daure."

"Baba, ni ce fa, Geesje."

"To, madalla." Ya nuna taga. "Kin san asalin sunan tsuntsuwar can?"

Na ce, "Mai kawo arziki. Haka wani babban malami ya koya mini."

"Wane malamin? Ai ko ya cuce ki. Fadama ce da tafiya. 'Yata ta gaya mini, ita har jami'a ta yi. Yarinyar akwai kai."

"Ba ka yi fushi da ita ba?"

"Fushin me? Kunya dai na ji, har na kasa ce mata ta yi daidai." Ya tura mini biskit ɗinsa. "Ba ta cika zuwa ba. In kin haɗu da ita, don Allah ki gaya mata."

Hawaye suka zubo mini. Na ce masa zan gaya mata.