Tafin Hannun Mahala

Mutanen da ke cikin wannan labari bakwai ne, kuma zan ambace su tun da fari don kada mai karatu ya ruɗe. Akwai ni, Isham, maƙeri. Akwai matata Mahala, da 'yarmu Phoebe, wadda a lokacin ko haƙori ba ta fitar ba. Akwai surukata Keziah, mai dafa abinci a gidan Brannock. Akwai Uwargida Octavia Brannock, wadda doka ta ce ita ta mallaki waɗannan ukun. Sai sojojin Arewa biyu, Kyaftin Elihu Stroud da Saje Obadiah Finch. In ka cire ni da Phoebe, duk sun riga mu gidan gaskiya.

Abin ya faru a garinmu Tansley, cikin jihar Tennessee ta Amurka, da kakar shekarar 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa tsakanin Arewa da Kudu. A lokacin sojojin Arewa sun shekara guda da rabi a garin. Sun mai da kotu ofishinsu, sun kafa tutarsu a bakin ƙofa, sun cinye kusan dukan kajin unguwa. Ubangidana ya riga ya tafi ya shiga sojan Kudu, saboda haka babu mai neman inda nake. Na ci gaba da aikina a maƙera, sai dai dawakin da nake sa wa takalmin ƙarfe sun koma na sojojin Arewa masu shuɗin kaya. Babu wanda ya ce mini na zama ɗa, babu kuma wanda ya ce ni bawa ne. Ni ma ban tambaya ba.

Mahala kuwa tana gidan wasu. A da, sai ranar Asabar nake zuwa wurinta da takardar izini a aljihu. Yanzu kullum ina can, har surukata ta ce tana kewar zamanin takarda.

Uwargida Octavia ba ta ƙaunar sojojin nan ko kaɗan. Wata bakwai ta yi tana sauka cikin taɓo a gaban kotu don kada ta bi ta ƙarƙashin tutarsu. Sai wata safiya muka ga ta sa hular zuwa coci, ta bi ta ƙarƙashin tutar tana murmushi, ta shiga ta yi rantsuwar biyayya. Ta fito da takarda mai cewa ita ta gwamnati ce, kada a taɓa dukiyarta. Dukiyar kuwa ta haɗa da matata da 'yata.

Ranar wata Alhamis da hantsi ina kan hura wuta sai ga Inna Keziah a ƙofar maƙera. Ita ba ta taɓa zuwa ba, domin ta ce wurin yana warin doki da rago.

Ta ce, "Kai mai baƙin hanci, ajiye gudumar nan."

Na ce, "Inna, lafiya?"

"Da lafiya za ka gan ni a nan? Ranar Litinin za a ɗora matarka da 'yarka a keken doki, a kai su gonar ƙanen Uwargida a Kentucky. Ta ce nan bayi sun fara ɗaga kai, can kuwa ba su fara ba."

Ban san lokacin da na saki gudumar a kan ƙafata ba. Da ɗingishi na isa kotu.

Kyaftin Stroud lauya ne kafin yaƙi, mutumin birni, siriri, mai yawan mura. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya fyace hanci ya ce, "Isham, na san kai mutumin kirki ne, dokina bai taɓa jin daɗin ƙafarsa kamar yanzu ba. Amma matar nan ta yi rantsuwa. Ba ni da ikon karɓe mata bayi sai in an kama ta tana sa su yi wa 'yan tawayen Kudu aiki."

"Ranka ya daɗe, ai kowa ya san tana yi."

"Kowa ya sani, babu wanda ya gani. Sau biyu na sa aka bincike gidan, har ƙarƙashin katifa. In kuma baiwarta ta ce ta yi, ita ta ce ba ta yi ba, kai ma ka san maganar wa za a ɗauka. Ranar Lahadi ta gayyace ni shan shayi bayan coci, zan sa hannu a takardar tafiyar. Kawo mini abin da ido zai gani kafin nan."

Na nufi gidan Brannock ta ƙofar baya. Mahala na zaune a kicin tana ba Phoebe nono, idanunta sun yi ja. Abin da Kyaftin yake nema mun san shi sarai. Mako uku ke nan Mahala tana rina yadi a bayan ɗakin ƙyafe nama, da ɓawon 'ya'yan wata bishiya da ake kira wolnot, mai ba da launin ƙasa irin na kayan sojan Kudu. Amma yadin ya riga ya bar gari tun Talata, a naɗe a ƙarƙashin siket ɗin matan coci, waɗannan manya masu kama da akurkin kaji, waɗanda babu sojan da zai ce a ɗaga masa.

Na ce, "To, sai mu gudu."

Mahala ta ce, "Da jaririya, Baban Phoebe? Kai da ko tafiya ba ka iya yi yau?"

Ta ɗaga hannu ta share hawaye. Sai Inna Keziah, wadda ke murza ƙullu, ta tsaya cak tana kallonta.

"Ke, buɗe hannun nan."

Mahala ta buɗe. Tafin hannunta, wanda na sani fari sol kamar cikin gyaɗa, ya yi baƙi ƙirin, faratan ma haka, har ya zarce wuyan hannu. Na ga wannan tun makonni, har na yi ta tsokanarta cewa ta zama maƙera ta biyu a gidanmu. Ban taɓa tunanin komai a kai ba.

Inna ta ce, "Kun san abin da ya sa Uwargida ta hana matan coci taɓa tukunyar rinin nan? Ta ce hannunsu zai tona musu asiri. Ta ce a bar wa Mahala, wai rini ba ya nunawa a jikinmu. Shekara ashirin da shida yarinyar nan tana miƙa mata kofi, ba ta taɓa duba hannun da ke riƙe da shi ba."

Na ce, "Bari in koma in gaya wa Kyaftin!"

"Zauna, sarkin gaggawa. Wannan mai murar ya san wolnot? A birni aka haife shi, zai ce dama haka hannunmu yake. Wa ke da ɗan ƙauye a cikinsu?"

Na ce akwai Saje Finch, manomi daga Indiana, ƙato mai son ciki.

"Shi za ka kawo. Kuma kada ka gaya masa komai. In kai ka faɗa, maganar bawa ce. In shi ya gano da kansa, sai ya rantse a kai har gaban alƙali."

Kawo Saje Finch bai yi wuya ba. Ranar Juma'a da ya kawo alfadarinsa na ambata, kamar ba da niyya ba, cewa surukata za ta yi wainar dankali mai zaƙi ranar Lahadi, kuma duk wanda ya raka Kyaftin a kicin zai zauna. Kafin la'asar ya sauya aiki da sojan da aka sa ya raka Kyaftin.

Ranar Lahadi da azahar Kyaftin yana falo da Uwargida, mu kuma muna kicin. Ni na fake da gyaran marfin murhu. Saje ya zauna, ya kwance maɓallin ciki tun kafin a kawo komai.

Mahala ta kawo masa yanka na farko a kan tafin hannu biyu, a buɗe, kamar mai roƙon ruwan sama. Ya karɓa, ya ce, "Madalla!" Idonsa na kan waina.

Ta kawo na biyu, ta bar hannun a ƙarƙashin hancinsa. Ya ce, "Baiwar Allah, sakar mini farantin mana."

Daga falo muka ji Uwargida tana dariya, tana cewa a kawo tawada da alƙalami.

Ta kawo na uku. Ya rufe ido ma gaba ɗaya don jin daɗi.

Inna Keziah ta yi tsaki a hankali, ta ɗauke sauran wainar ta ɗora a can saman kanta.

Saje ya buɗe ido ya ce, "Inna, me na yi?"

"Ba ka yi komai ba, ɗana. A gidan nan ba a cin yanka na huɗu da hannu mai maiƙo. Mahala, wanke wa Saje hannu."

Mahala ta kawo kwano da sabulu, ta kama ƙaton hannunsa ja ta sa cikin nata. Da babu abinci a gabansa, dole ya dubi abin da ke akwai. Ya ƙura wa tafin nata ido. Sa'an nan ya yi wata irin ajiyar zuciya.

"Wolnot! Kai, kin tuna mini da tsohuwata. Kowace kaka haka hannunta yake yi, sai Kirsimeti yake fita. Ta kan rina mana wanduna, ni da 'yan'uwana shida, in mun fito coci kamar an jera buhuna."

Ya shiga ba mu labarin tsohuwarsa, da saniyarsu, da rijiyar da ƙanensa ya faɗa. Na ɗauka mun mutu. Can sai ya tsaya a tsakiyar magana, ya juya hannun Mahala, ya dubi inda baƙin ya tsaya.

"Dakata. Wannan ba na fasa 'ya'yan wolnot ba ne. Na tsohuwata ma bai kai nan ba, ita da ke rina wa mutum bakwai. Yadi nawa kika rina?"

Mahala ta ce, "An tambaye ni ne, Saje?"

"Na tambaye ki."

"Na daina ƙirgawa a sittin."

"Wa ke sa launin ƙasa yadi sittin a garin nan?" Ya miƙe tsaye, da sabulu a hannu. "Biyo ni."

Na bi su har bakin ƙofar falo. Kyaftin ya riga ya tsoma alƙalami cikin tawada. Saje ya ƙame, ya sara masa, ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka sa hannu, dubi hannun matar nan."

Bai ƙara ko kalma ba. Uwargida ce ta yi dariya, ta kaɗa mafici ta ce, "Haba, Saje. Ai rini ba ya kama fatarsu, kowa ya san haka."

Kyaftin ya ajiye alƙalami a hankali. Ya ce, "Uwargida, wa ya yi maganar rini?"

Mahala ta buɗe hannuwanta. Uwargida ta dube su, ta sake duba, sai ta ce ai dama haka suke tun haihuwa. Na tabbata har zuciyarta ta yarda da abin da ta faɗa. Inna Keziah ta shigo da Phoebe a kafaɗa. Ta buɗe nata tafin kusa da na 'yarta, ta kuma buɗe ɗan ƙaramin na jaririyar. Biyu farare, ɗaya baƙi.

Daga nan Saje ya ja Kyaftin zuwa bayan ɗakin ƙyafe nama. Sojojin da suka bincike gidan sau biyu yadi da wasiƙu suka nema, sun wuce tukunyar wanki da tarin ɓawo mai kai wa gwiwa ba su waiwaya ba. Saje ya shafa cikin tukunyar, ya nuna wa Kyaftin yatsansa, yana ta bayani da alfahari kamar shi ya ƙirƙiro bishiyar.

Kyaftin ya koma falo, ya yayyaga takardar tafiya, ya jawo wata farar takarda ya fara rubuta 'yancin Mahala da Phoebe. Ya tambaya wa ke hura wutar tukunyar. Inna Keziah ta ce, "Wa kake gani zai bari yarinyar nan ta hura wuta? Ai sai ta ƙona gari." Ya rubuta sunanta ita ma. Da alƙalamin Uwargida da tawadarta ya rubuta.

Uwargida ta ce, "To, wa zai dafa mini abinci?"

Saje ne kawai ya tambaya ko yanzu zai iya samun yanka na huɗu.

Kafin rana ta faɗi na tura kayansu a baro zuwa ɗakin da ke bayan maƙera. Inna Keziah ta shiga, ta shaƙi iska, ta ce warin dokin ya fi yadda take zato. Ta zauna da mu shekara goma sha tara, kuma ba ta canja ra'ayi ba. Baƙin hannun Mahala ya fita wajen Kirsimeti, daidai yadda Saje ya faɗa. Keken dokin ya tafi Kentucky ranar Litinin da Uwargida ita kaɗai.

Takardar nan ta zauna a cikin gwangwani shekara talatin da ɗaya ban iya karanta ta ba. Sai da na kai sittin da biyu Phoebe, wadda ta zama malamar makaranta, ta zaunar da ni ta koya mini baƙi. Ita ce abu na farko da na karanta da kaina, kuma na ɗauki rabin yini a kan layi biyar. Sunana ba ya ciki ko sau ɗaya. Da na yi ƙorafi, Mahala ta ce ai daidai ne, tunda aikina a ranar gyaran marfin murhu ne, kuma ko shi ban gyara ba.

Na rubuta wannan da hannun da ya saba da guduma, ya zo ga alƙalami a makare. In na sauya wata rana da wata, ko na sa magana a bakin wanda ba shi ya faɗa ba, ko harafi ya kuɓuce mini, ina roƙon wanda ya fi ni sani ya gyara, ya kuma yi mini uzuri. Yawan yankan da Saje ya ci ne kaɗai ba na so a taɓa, domin a gabana aka yi.