Robar da Dougal Ya Sayo

Morag tana durƙushe a kicin, tana tara kofi a ƙarƙashin ɗan famfon da ke ƙara wa tukunyar ɗumama gida ruwa, aka bugo waya daga asibitin Dundee. Mijinta Dougal ya faɗi a tashar bas, bai tashi ba. Da ma fita ya yi sayo robar da za ta tsayar da yoyon.

Robar ta dawo gida a aljihun kwat ɗinsa, cikin 'yar takarda. Mako uku Morag ba ta bari kowa ya taɓa famfon ba. Ta rufe ruwan, ta kashe tukunyar, tana kwana da safa biyu.

Ranar da Hamish, abokinsa mai gyaran famfo, ya leƙo, yana magana tururi na fita daga bakinsa.

"Haba Morag, bin sa kike son yi? Miƙo robar nan."

Ya kwance bututun, ya gwada, ya sake juya ta. Sai ya zauna a ƙasa yana girgiza kai.

"Ta yi girma. Shekara arba'in ina ce wa mutumin nan ya riƙa aunawa, shi sai dai ya kalla da ido!"

"Zoben aurena ma haka ya sayo," in ji ta. Dariya ta ƙwace mata, kuka ya biyo baya.

Hamish ya sa tasa robar, ya buɗe ruwa, ɗakuna suka fara ɗumi.

Yoyo ya tsaya. Amma kullum da safe, kafin ta ɗora shayi, sai ta sunkuya ta shafa ƙasan famfon da yatsa, ta ji a bushe.