Dugadugan Maɓalli

"Kawu, don Allah kar ka kalli ƙasa," Maɓalli ta raɗa mini, ta manna bayanta da katakon ƙofa.

Tef ɗin awo na kakanta yana hannuna, alli yana bayan kunnena. Na kalli ƙasan. Ta yi ɗage, dugaduganta ba su taɓa siminti ba.

Ni mai gyaran rediyo ne, bango ɗaya ya raba ɗakina da na Baba Tela. Maɓalli jikarsa ce, shi ya laƙaba mata sunan saboda ƙanƙantarta. Tana da ciwon ƙoda tun tana rarrafe. Asibitin yara da nisa, don haka likita ta sauƙaƙa musu: duk wata a ɗebi jininta a ɗakin gwaji na unguwa, a auna tsayinta a gida, a faɗa mata duka biyun ta waya. Da su take lissafa ƙarfin da ya rage wa ƙodar, da lissafin kuma take yanke yawan magani. Uwar yarinyar tana fita aiki da sassafe, awon ya zama na tsohon.

Yarinyar tana da kunne. Ta ji likita na cewa in jini bai canja ba amma tsayi ya ƙaru, lissafin yakan yi kyau. Ta riƙe wannan.

Yanzu zuciyar Baba Tela ta kwantar da shi. Ƙafafunsa sun kumbura, keken ɗinki ya yi ƙura a lungu, an sauko masa da katifa ƙasa don kada ya faɗo. Shi ya sa tef ya dawo hannuna.

"Rabin inci kawai," in ji Maɓalli. "In ya ji na samu sauƙi zai ci abinci."

Na tsaya. Na sha kwana da tambayoyi irin wannan ni kaɗai, ina juya su kamar sukurun da ya ƙi zama. Mutum yana bakin tafiya, me zai rage shi in an ba shi labari mai daɗi ya tafi da shi? Na ma tsara yadda zan yi: in faɗa wa tsoho lamba ɗaya, in kira likita daga baya in ba ta ta gaskiya. Na ɗaga allin.

"Ke, ɓarauniyar tsayi," murya ta fito daga katifa. "Sauke dugaduganki."

"Kaka, ba barci kake ba?"

"Kun kwantar da ni a ƙasa, to me zan gani in ba ƙafafu ba? Kai kuma mai rediyo, da girmanka za a haɗa baki da kai?"

Ta turo baki. "Tsoho mai sa ido. Ai don kai na yi."

"Na sani." Ya yi tari, ya jira numfashi ya dawo. "Zo nan."

Ta durƙusa gefen katifar. Ya kama bakin rigarta, wadda shi ya ɗinka, ya murza tsakanin yatsunsa.

"In na ƙara wa mutum rabin inci a wando, sai ya naɗe ƙafar ya yi tafiyarsa. Ke in aka ƙara miki, likita za ta zaci ƙodar tana da ƙarfi, ta ƙara magani. Wa zai naɗe wannan?"

"To in lambar ta yi muni fa?"

"Sai mu san da wa muke faɗa. Tashi."

Ta koma jikin ƙofa tana share ido da bayan hannu. Daga kwance ya riƙa ba ni umarni. A cire takalmi. A kwance ƙullin gashin nan na tsakiyar kai. Haɓa kada ta ɗaga. In ɗora rula a kanta daidai, kada ta karkata. Ya sa na maimaita har sai da awo biyu suka zo ɗaya. Sabon layin ya hau kan na watan jiya, ko kaurin zare bai ƙaru ba.

Shi ya karɓi wayar. Likita ta yi lissafinta, ta ce ƙarfin ya ɗan sauka, za ta rage ƙwaya ɗaya, a kawo yarinyar ta gan ta.

"Mun gode, likita," ya ce. "Maƙwabcina zai raka su. Ya iya awo yanzu."

Ranar ya ci abinci, cokali kaɗan, Maɓalli na tsaye a kansa tana masa faɗa kamar uwarsa.

Bai kai awo na gaba ba. Ya cika da hantsi, 'yarsa, uwar Maɓalli, na riƙe da kansa, mai sayar da ruwa na kiran ciniki a bakin layi. Kafin nan ya sa an rataya tef ɗin a ƙusar da ke jikin ƙofa, ya ce kada a haɗa shi da kayan ɗinkin da za a bayar.

Da wata ya zagayo, ina zaune na buɗe cikin wata rediyo, sai na ji an ƙwanƙwasa bango. Na shiga. An ɗauke katifar, wurinta ya fi sauran simintin haske. Uwar tana riƙe da waya, tana cikin kayan aiki.

Maɓalli ta riga ta kwance gashinta. Takalmanta suna gefe, a jere. Ta miƙo mini allin, ta jingina da katakon, ta danna dugaduganta a ƙasa.

"Kawu," ta ce, "duba ƙasa tukuna."