Hawayen Obed a Firizar Zoɓo

Kowa ya shigo gidan nan sai ya ce, "Maman Promise, ki yi haƙuri, ki yafe." To, na ji. Amma kafin in yafe sai na faɗi abin da aka yi mana, domin na lura waɗanda ba su san komai ba su ne suka fi saurin ba da haƙuri.

Mijina Obed tela ne. Tun da muka baro Rijau muka zauna a Kontagora yake kan keken ɗinki, da shi muka ci, da shi muka aurar da 'yarmu Promise a Kaboji. Shekarun baya zazzaɓi ya kama shi, ya sayi ƙwaya a kemis ya haɗiye kamar yadda kowa ke yi. Kafin mu ankara jikinsa ya saɓule kamar wanda aka watsa wa tafasasshen ruwa, har leɓe, har cikin ido. Allah ya sa da sauran kwana, ya tashi. Fata ta dawo, amma hawaye bai dawo ba.

Kada ku ɗauka wasa ne mutum ya rasa hawaye. Da safe sai na jiƙa tsumma na ɗora masa kafin idon ya buɗu, in ya ƙifta kuma ya ce yashi ne a ciki. Ranar da aka binne mahaifiyarsa ya tsaya bakin kabari yana gunji, ido ƙamas, har dangi suna zunɗe wai bai damu ba. Sannu a hankali idon hagu ya yi fari, ya tafi. Saura na dama, shi kaɗai, kuma da shi yake zura zare a allura.

Babu maganin ɗigawa na kemis da ba mu gwada ba. A ƙarshe aka tura mu wani babban asibiti a Kaduna, muka bi hanyar nan da kowa ke bi da addu'a a baki. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ce za a ɗebi jininsa, a juya shi a na'ura har jan ya kwanta a ƙasa, a tsame ruwan da ya taso sama, a sirka, a zuba a ƙananan kwalabe ya riƙa ɗigawa. Ta ce abin da ke cikin hawaye mai ciyar da ido, akwai shi a ruwan nan. Na ga abin da idona. Ruwa ne rawaya, garau, ko alamar ja babu. Sai ta kama hannuna ta ce, "Mama, ki ji da kyau. Su zauna a daskare. Ki fito da ɗaya, ki riƙe ta cikin ƙanƙara, in ta ƙare ki ɗauko wata. Duk wadda ta sha zafi ki zubar, don ta zama abincin ƙwayar cuta."

Daskarewa a Kontagora? Mu da wuta ke leƙo mu ta koma kafin waya ta cika? Sai na tuna da Happiness.

Happiness maƙwabciyata ce, cocinmu ɗaya, benci ɗaya muke zama a zumuntar mata. Tana da sola a kan rufi da babbar firiza, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, 'yan makaranta kuwa sun san ƙofarta fiye da ƙofar aji. Ni na yi mata wankan jego lokacin ɗanta na fari, saboda haka ban ji nauyin zuwa ba. Na kai mata kwalaben a ƙulle cikin baƙar leda.

Ta ce, "Mene ne wannan, Yaya?"

Na ce, "Maganin Baban Promise ne. Maganin jini ne, aka ce kada ya narke."

Ta ce, "Haba, don wannan? Kawo." Ta tura ledar can ƙasa, ƙarƙashin zoɓo.

Ku shaida, ban ɓoye komai ba. Maganin jini na ce, kuma maganin jini ne. Ashe ita abin da ta ji, irin maganin ƙarin jini ne da ake ba masu ciki. Ni ina zan sani? Ba ta tambaya ba, ni kuma kaina na kan idon mijina.

Maganin ya karɓe shi, kai, ikon Allah! Jan idon ya washe. Ya daina ɗaure fuska da ɗankwalina in zai fita rana. Wata safiya na ji ƙarar keke a tsakar gida, na leƙo, ga shi yana ɗinka rigar makaranta yana fito. Na koma ɗaki na yi kukan mutum biyu, nawa da nasa. Duk lokacin da kwalba ta ƙare sai in aika wa Happiness cewa ina tafe, in je in karɓo sabuwa da ƙanƙara in sa su a cikin 'yar kula.

Da daɗi ya ishe ni, ranar zumunta na miƙe na ba da shaida. Laifi ne? Na gode wa Ubangiji, na gode wa likita, na ce kuma a tafa wa 'yar'uwa Happiness, wadda ta ajiye mana maganin da aka yi da jinin Obed a firizarta ba ta karɓi ko sisi ba. Tafin ya fara, sai ya mutu a hanya. Wata daga baya ta ce, "Jinin wa?" Na juya zan yi bayani, mai jagora ta riga ta ɗauko waƙa. Kuma ranar, kamar kullum, zoɓon Happiness ne a hannun kowa.

Kafin rana ta faɗi magana ta gama unguwa. Wai jinin mutum ake ajiyewa a firizar Happiness. Wai shi ya sa zoɓonta ya fi na kowa ja. Wai shi ya sa ciniki ke bin ta, har ta sayi sola. Manyan mata, masu jikoki, waɗanda suka sha ƙarin jini a asibiti lokacin haihuwa, su ne suka zauna suna wannan maganar banza! Yara suka riƙa wucewa ta ƙofarta suna ihu, "Zoɓon jini! Zoɓon jini!" Na bi gida-gida da kwalba a hannu, ina cewa ku duba, rawaya ne, a rufe yake, a cikin leda yake. Su ce, "E, Mama, mun gane," ina juya baya su tofar da yawu.

Na je wurin Happiness na ce, "Ƙanwata, in abin nan zai kashe miki kasuwa, faɗa mini, in nemi wani wuri." Allah na gani, haka na ce mata. Akwai mai kemis a bakin titi da ke da firiza, akwai masu sayar da kifi, da na durƙusa wa wani ya taimaka.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haba Yaya, ba komai. Ni zan kore ki? Bar su su yi ta magana."

Ba komai! Kalmar nan ita ta cuce mu. Da ta ce da komai, da yanzu mijina na kan kekensa.

Lokacin zafi ne, irin zafin da ke sa kwano ya riƙa ƙara da tsakar rana. Na ci gaba da aikawa ina tafe, ita kuma ta ci gaba da miƙo mini kwalba da sanyinta, har da murmushi. Sai Obed ya fara cewa maganin na yi masa yaji. Na ce zafin gari ne, ka daure. Idon ya koma ja, ya fara kwantsa mai kauri. Na ƙara yawan ɗigawa, da hannuna, ina buɗe idon da yatsa ina cewa, "Yi haƙuri, Baban Promise, shi ne zai warkar da kai."

Wata rana da azahar kwalbar ta suɓuce mini ta zube, ban tsaya aike ba na zari mayafi na tafi. Shagonta a buɗe, Happiness tana bayan gida tana wanki. Na ɗaga murfin firiza na tona har ƙasa, zoɓo, ƙanƙara, kunun aya, babu leda. Ina ɗago kai sai ga ta. Baƙar ledata, rataye a ƙusa, sama can dab da kwano, bayan buhun sukari. Na sauko da ita, da ɗumi kamar an fito da ita daga hammata. Na ɗaga kwalba ɗaya a haske, ruwan ya gurɓace kamar ruwan wankin shinkafa.

Na ƙwala mata kira. Ta shigo da kumfa a hannu, tana ganin ledar ta tsaya.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ranar shaidar nan, Yaya. Iyayen yara sun ce sai sun ga cikin firizar da idonsu, na fitar. Na so in mayar, sai suka riƙa dawowa dubawa."

"To wadda kike ba ni da sanyi fa?"

"In kin aiko, sai in tsoma ɗaya a ƙanƙara kafin ki iso."

Yesu! Na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Ban tambaye ki ba? Ban tsaya a nan, nan wurin, na ce ki faɗa mini ba?"

Ta ce, "Nauyinki na ji. Yaya zan dubi idonki in ce ki kwashe kayanki, ke da kika yi mini wankan jego? Na ɗauka magani ai magani ne, in ya sake yin sanyi shi ke nan."

Ku ji fa. Nauyina ta ji. Ta ji kunyar idona, ta ba da idon mijina. Wace irin kunya ce wannan, da ba za ta bar baki ya ce a'a ba, amma za ta bar hannu ya miƙo guba da murmushi? Na watsar da kwalaben a gabanta, na faɗa mata abin da ba zan maimaita a nan ba, kuma ban yi nadamar ko kalma ɗaya ba.

Washegari da sassafe muka kama hanyar Kaduna, Obed ya rufe fuska da tawul har muka isa. Likitar ta duba idon da kyau. Sannan ta ce gyambo ne a kan baƙin idon, kuma ya yi zurfi. Aka kwantar da shi, aka yi ta ɗiga wasu magunguna. Da suka kashe ƙwayar cutar, gyambon ya ƙi rufewa, sai ta ce dole a ɗinke fatar idon, ta sama da ta ƙasa, ko ya samu ya warke a ɓoye. Na tambaye ta in an warware zai gani. Ta ce haske dai zai gani, zare da allura kuwa kada in sa rai. Obed ya yi 'yar dariya ya ce, "To likita, a yi ɗinkin da kyau, tela za ki yi wa." Ni ban ga abin dariya ba.

Yanzu muna gida. Na lulluɓe keken da tsohon zani don kada in riƙa ganinsa. Matan zumunta suna ta zuwa gaisuwa, har da mai cewa "jinin wa?", ta kawo lemo. Na ji zoɓo ya koma kasuwa, yara sun manta.

Jiya Happiness ta zo. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta fashe da kuka. Hawaye shaɓe-shaɓe, yana bin kumatu, yana ɗiga daga haɓa, har ƙasar gabanta ta jiƙe. Na tsaya ina kallon wurin da ya jiƙe, raina na tafasa. Abin da muka je har Kaduna nema, aka tsotse jinin mutum don a samu ɗan cikin kwalba, ga shi tana zubarwa a ƙofata a banza.

Obed na zaune a kan tabarma, ya juyo da fuska wajen sautin.

Ya ce, "Maman Promise, wa ke kuka?"

Na ce, "Happiness ce."

Sai ya ce, "Ki bar ta ta yi. Ita tana da shi."